Kakanta ya shirya ta ta ci gwaji, yanzu an janye mata mai taimako

Goggo, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin duk wanda na ɗaga ido na kalla a danginmu, ko dai ɗan surukina Baba ne, ko ƙanensa, ko wanda ya taɓa zama a ajinsa. Ina rubuto miki ne a lokacin hutun cin abinci a wurin aiki, a kan teburin da muke ninke zannuwa, saboda haka ki yi haƙuri idan zancen ya yi ta kai da kawowa. Kaina ne ya koma haka.

Ina da 'ya mai shekara tara. Tsuntsuwa muke ce mata a gida, domin in ta ji daɗi sai ta yi ta kaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama. Ba ta fara magana ba sai da ta kusa shekara biyar, kuma har yau maganarta ba irin ta sauran yara ba ce. Abin da ta ji shi take mayarwa. Ki karanta mata shafi guda sau biyu, za ta zubo miki shi ba tuntuɓe, har da tarin da kika yi a tsakiya. Amma ki tambaye ta ko tana jin ƙishirwa, sai ta dube ki ta ce "kina jin ƙishirwa". Ba ta iya cewa tana son zagayawa. Ƙara mai ƙarfi kuwa, irin ta ƙararrawa ko jan kujeru a kan siminti, har ƙashi take shigar mata. Sai ta toshe kunne ta ruga, ba ta duban gabanta.

Da ta shiga makarantar gwamnati ta unguwarmu, mun sha wuya kafin wata malama ta nuna mana ofishin tallafa wa ɗalibai na hukumar makarantun yankinmu. Suka gwada ta, suka ce tana bukatar mai zama da ita a aji. Suka ba mu wata baiwar Allah, doguwa, mai sanyin murya, wadda yara suke kira Anti Doguwa. Goggo, wannan mata ita ta mayar mini da numfashina. Tana da wasu katuna masu hotuna a wuya: kofi, bayi, littafi, ƙofa. Tsuntsuwa ta taɓa wanda take so, shi ke nan an gane. Kafin a kaɗa ƙararrawa, sai ta dafa mata kafaɗa ta ja ta zuwa wani ɗan ɗaki mai labule a ƙarshen baranda, su zauna har hayaniya ta lafa. Shekara biyu ba a kira ni daga wurin aiki ba ko sau ɗaya. Har na fara mantawa da faɗuwar gaban da nake yi in wayata ta yi ƙara da hantsi.

To, sai Baba. Surukina ne, mahaifin maigidana. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, kuma yana zaune da mu tun rasuwar matarsa, Inna. Maigidan direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya a kan zama a gida. Ni kuma ina aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. Baba ne yake ɗauko Tsuntsuwa daga makaranta kullum, ya ba ta abinci, ya zauna da ita har in dawo. Amaryarsa yake ce mata. Ya ce mata yau me aka dafa wa ango, ita kuma ta mayar masa da tambayar, ya yi ta dariya yana cewa ya auro wadda ba ta san hanyar kicin ba. Ina so ki san ba mugun mutum nake kawo miki ƙara ba. Lokacin da dangi suke ta surutu, masu cewa sangarta ce, masu cewa a nema mata magani a wani wuri, shi ya buga sandarsa a ƙasa ya ce duk wanda ya ƙara magana a kan jikarsa kada ya sake taka masa ƙofa. Ban taɓa mantawa da wannan ba.

A ƙarshen zangon da ya wuce, ofishin ya aiko cewa lokacin sake gwada ta ya yi, don a ga ko har yanzu tana bukatar tallafin. Ranar ta faɗo a kan aikina na safe, abokiyar aikina kuma tana hutun haihuwa. Baba ya ce in kwantar da hankalina, shi zai kai ta. Na yi masa godiya har da durƙusawa.

Tun daga ranar ya buɗe makaranta a barandarmu. Kullum in na dawo sai in tarar da su a kan tabarma da maɓallai, da murafun kwalabe, da hotunan da ya yanko daga tsohuwar kalanda. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa kaka da jika sun sami abin yi. Ashe shirya ta yake yi don gwajin. Shi ya raka mu gwajin farko, yana zaune a baya shiru, kuma kansa bai zubar da komai ba. Abin da ya rage kuma ya bi iyayen yara a bakin ƙofar makaranta da hira har ya tattaro shi. Ya koya mata ta riƙa kallon tsakanin girar mai yi mata magana, don a ga kamar ido take kallo. Ya koya mata ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya kada su kaɗa. Ya haddace mata amsoshi. In kina son zagayawa me za ki yi? Zan ɗaga hannu in nemi izini. In an kaɗa ƙararrawa fa? Zan tashi in shiga layi. Me kika yi yau a makaranta? Mun yi lissafi da karatu, na zauna shiru, na gode. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana shirya yara jarrabawa, aka haɗa shi da yarinyar da ba ta mantuwa. Ai kin san sakamakon.

Ta ci. Kuma da jami'ar gwajin ta zaunar da shi ta tambaye shi yadda take a gida, ko tana gudu, ko tana ɓata jikinta, sai ya ce alhamdu lillahi, duk wannan tsohon labari ne. A rahoton na karanta wannan. Na san dalilinsa. Baba ba zai taɓa buɗe baki a gaban baƙuwa ya ce jikarsa mai shekara tara tana fitsari a wando ba, ko da wuƙa a wuyansa. Rahoton Anti Doguwa ma ya nuna ci gaba sosai, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ci gaban yana tafiya ne da hannunta a kafaɗar yarinyar. Aka haɗa wannan da wancan aka ce Tsuntsuwa za ta iya zaman aji ita kaɗai. Aka mayar da Anti Doguwa wata makaranta.

Da kin ga Baba a makon da sakamakon ya fito. Ya sa aka goge masa babbar rigarsa, ya bi gidajen 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya yana cewa amaryarsa ta warke. Ya bugo wa tsofaffin abokan aikinsa waya, yana cewa bai taɓa shirya ɗalibi ya faɗi ba, kuma ba a kan jikarsa za a fara ba. Tun rasuwar Inna ban ga ya ci abinci ya nemi ƙari ba sai a makon. Na ce a raina wataƙila ma da gaske ne, wataƙila ni ce na saba da tsoro.

Aka koma makaranta. Sabon aji, sabuwar malama, yara cike har bakin allo. A makon farko Tsuntsuwa ta jiƙe da fitsari a kan kujerarta. Malamar ta ce mini ta ga bakinta yana motsi tun da jimawa, da ta matso sai ta ji tana ta maimaita "zan ɗaga hannu in nemi izini, zan ɗaga hannu in nemi izini", hannuwanta kuma suna danne a ƙarƙashin cinya. Duka biyun shi ya koya mata, ta kuma riƙe su duka. Yara suka yi ta dariya. Na je na wanke ta a famfon bayan aji, ina kuka tana kallon ruwa.

A mako na biyu aka kaɗa ƙararrawar tara daidai lokacin da maigadi ya buɗe ƙofa don wata mota ta shigo da kaya. Ta bi ta gefen motar ta fice. Babban titi ne a gaban makarantar. Wani mai faci da ke tsallake ne ya hango ta a tsakiyar titi, ta toshe kunne ta tsaya cik, motoci suna kauce mata suna oda, odar kuma tana ƙara rikita ta. Ya jefar da abin da ke hannunsa ya je ya jawo ta ta madaurin jakarta. Da na je yi masa godiya ya ce mini, baiwar Allah, yau kin yi sa'a ba ni da kwastoma, idona yana kan titi. Goggo, wannan maganar ba ta barin kunnena.

Tun daga ranar, shugabar makarantar take kirana kusan kullum da hantsi, ta ce in zo in tafi da ita har ta natsu, gobe a sake gwadawa. Ba na ganin laifinta. Tsoro take ji, ni ma shi nake ji.

Ga abin da nake yi yanzu, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. In an kira ni sai in roƙi wata ta tsare mini injina, in ruga in ɗauko ta in kawo ta ɗakin wanki. In kifa mata bokiti a gaban babban injin, ta zauna tana kallon zannuwa suna juyawa ta cikin gilashin. Nan kam lafiya lau take, har hannuwan suna kaɗawa. In lokacin tashi ya kusa, sai in gyara mata yunifom, in goya mata jaka, in mayar da ita bakin ƙofar makaranta in tsayar da ita kusa da maigadi. Ni kuma in laɓe a bayan wani kanti, ni da girmana, har in hango Baba ya taho da sandarsa. Ya kama hannunta ya ce amarya me aka yi yau, ita kuma ta ce mun yi lissafi da karatu, na zauna shiru, na gode. Ya gyaɗa kai su tafi. Ni in koma wurin aiki da gudu.

Bai san komai ba. Bai san zancen titi ba. Yana da hawan jini, kuma likita ya ce a guji tayar masa da hankali. Shugabar sashenmu ta kawar da kai har ta gaji. Jiya ta kira ni gefe ta ce ita ma uwa ce, amma nan wurin zannuwan marasa lafiya ne da sinadarai, in masu duba aiki suka shigo suka ga yarinya a kan bokiti, ni da ita duka za mu tafi gida. Ta ce in nemi mafita kafin wata ya ƙare.

Na je ofishin tallafin. Jami'ar da na samu mutuniyar kirki ce, duk da gajiyar da ke fuskarta. Ta ce ina da damar neman a sake duba hukuncin, amma ƙofar tana rufewa a ƙarshen wannan watan, kuma sai na kawo dalilin da ya sa nake ganin sakamakon bai nuna gaskiyar yarinyar ba. Ta dube ni ta ce, akwai wani abu da ya faru kafin gwajin da ya kamata mu sani? Na ce zan yi tunani. Ta kuma ce kwamitin sake dubawar yakan kira wanda ya amsa tambayoyi a madadin iyaye. Wato Baba.

Na bugo wa maigidan. Ya ce so nake in ja mahaifinsa gaban yaran da ba su kai ɗalibansa ba, a ce masa mai satar jarrabawa? Ya ce in jira ya dawo. Yaushe zai dawo, shi ma bai sani ba, mota ta lalace musu a hanya.

Na yi tunanin in ce ni na shirya ta, ni na ce masa ya faɗi haka. Na yi tunanin in cire ta daga makarantar in ce wa Baba gyara ake yi. Na yi tunanin in ajiye aikin, sai in tuna da me za mu ci. Ina kuma tsoron in na faɗi gaskiya ofishin ya ɗauke mu maƙaryata, su ƙi yarda da mu har abada. Wani lokaci haushin Baba yakan kama ni har in kasa kai masa ruwan alwala, sai in leƙo in gan shi yana tsince mata ƙaya daga kifi da hannunsa, in ji kunyar kaina. Ina jin haushin jami'ar gwajin da ta kasa gane hadda. Ina jin haushin maigidan da yake ba da umarni daga inda ba ya ganin komai.

Goggo, in na yi magana zan karya tsohon da ya tsaya mana lokacin da kowa ya juya baya, kuma wataƙila in rasa mai riƙe mini ita da rana. In na yi shiru, gobe ma za a kaɗa ƙararrawa. Na gaji, kuma ina jin tsoro. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Uwar Tsuntsuwa

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ajiye sauran wasiƙun wannan makon don ke. Sannu. Kin ɗauki kayan mutum uku ke kaɗai, ba mamaki kika gaji.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Gobe ki koma ofishin ki shigar da buƙatar sake dubawa. Kada ki jira maigidan, kada ki jira sai kin shirya yadda za ki yi da Baba. Dalilin da za ki rubuta yana hannunki, kuma ba ya buƙatar sunan kowa: yarinyar da aka ce za ta iya zaman aji ita kaɗai an tsinto ta a tsakiyar titi a mako na biyu. Ki nemi su aiko wanda zai zauna a ajin ya kalle ta a ranar karatu, da hayaniyarsa da ƙararrawarsa. Ki roƙi sabuwar malamar ta rubuta abin da ta gani da idonta. Ki nemi Anti Doguwa ta bayyana, dalla-dalla, abin da take yi wa yarinyar kowace rana, domin "ta ci gaba" kawai ba ya nuna wa kwamiti aikin da ke ƙarƙashin ci gaban. Ki kuma tambaye su ko akwai taimakon wucin gadi da za a ba ta kafin a yanke hukunci. Wurare da yawa suna da shi ga yaron da rayuwarsa take cikin haɗari, amma sai an tambaya.

Sai shugabar makaranta. Na yarda tsoro take ji, kuma tana da dalili. Amma kiran ki a waya ki zo ki ɗauke yarinya, ba tare da an rubuta ko'ina ba, yana ɓoye matsalar ne daga waɗanda za su iya magance ta. A wurin ofishin, Tsuntsuwa tana aji lafiya lau. Ki zauna da shugabar cikin mutunci ki ce mata kina so duk ranar da aka kira ki a sanar da ofishin. Ki kuma nemi abubuwan da ba sa buƙatar sabon ma'aikaci: a mayar wa yarinyar katunanta, a sa wani babba ya fitar da ita zuwa ɗakin labulen kafin ƙararrawa, a kulle ƙofar waje lokacin tara. Idan makarantar ta ce ba za ta iya tsare ta ba ko da haka, to ta faɗa a rubuce. Wannan ma hujja ce a gare ki.

Game da ofishin, ki cire tsoron nan daga ranki. Jami'ar da ta tambaye ki ko wani abu ya faru kafin gwajin ba tarko ta ɗana miki ba. Ta ga irin wannan, ta kuma buɗe miki ƙofa ne. Ba ku ne iyalin farko da suka ɗauki gwajin tallafi kamar jarrabawar wucewa aji ba, kuma laifin bai tsaya a kanku kaɗai ba: ya kamata a ce an yi wa wanda zai raka yarinya bayani tun farko cewa a nan ana son a ga inda take kasawa ne. Su ma suna da yara da yawa da masu taimako kaɗan, shi ya sa suke saurin janyewa in sun ga alamar sauƙi. Ki shirya ranki cewa ba lallai Anti Doguwa ce za ta dawo ba. Wataƙila yanzu hannunta yana kan kafaɗar ɗan wata uwar. Ki nemi tallafin, kada ki kafe a kan mutum.

Kada ki ce ke kika shirya ta. Za a tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki rikice, sannan ki zama maƙaryaciyar da kike tsoron a ɗauke ki. Zancen gyaran makaranta ma ki bar shi. Ɗakin wankin kuwa, shugabarki ta yi gaskiya, kuma ta yi miki kirki da ta faɗa miki a gefe.

Yanzu Baba. Na fahimci abin da ya yi, har na ji yana burge ni. Tsoho ya ga an ce za a gwada jikarsa, ya ɗauko abin da ya iya a duniya ya ba ta. Ya kuma nuna wani abu da ya kamata kwamitin ya ji: yarinyar nan tana koyo, in aka sami mai haƙurin zama da ita. Amma ƙaunarsa ba ta goge abin da ya biyo baya ba. Ya koya mata ta ɓoye, ya kuma ɓoye da bakinsa, aka ɗauke mata abin da yake tsare ta. Dole ya ji wannan. Ke ma, 'yata, ki lura kin bi sahunsa ba ki sani ba. Shi ya gyara ta don kada jami'a ta gani, ke kina gyara ta don kada shi ya gani. Yarinyar tana tsakiya, tana faɗin abin da ba ta yi ba, kowa yana gyaɗa kai.

Ki faɗa masa a cikin makon nan. Ki zaɓi safiya, bayan ya karya ya sha maganinsa. Ki sa wani nasa da yake jin maganarsa ya zauna, ƙanensa ko babbar 'yarsa, kuma ki bugo wa maigidan ki gaya masa ranar da lokacin. Sanarwa ce, ba neman izini ba. In yana so ya kasance a waya, bismilla. Shi ma tausayin mahaifinsa ne yake magana, amma bai tsaya a bakin titin nan ba. In hawan jinin Baba yana damun ki, ki tambayi likitansa tukuna. Ina kyautata zaton zai ce miki labarin da aka kawo a hankali, a zaune, ya fi wanda zai zo da gudu daga bakin maigadi sauƙi a jikinsa.

Kada ki fara da gwajin. Ki fara da abin da ya faru, a jere, ba ƙari ba ragi: kujerar, titin, bokitin, kantin da kike laɓewa. Ki nemi gafararsa a kan ɓoyewar, domin wannan naki ne. Sannan ki yi shiru. Mutumin da ya riƙe makaranta shekara talatin ba ya buƙatar a haɗa masa lissafin. In ya haɗa, ki roƙe shi abin da shi kaɗai zai iya: ya zo gaban kwamitin ya faɗi abin da ya tarar kafin ya fara darasin barandar, da irin maimaicin da kowace amsa ta ci kafin ta zauna. Ba wanda ya san inda yarinyar nan take tuntuɓe kamarsa. Zai shiga ne a matsayin shaida mafi ƙarfi da kike da shi.

Ba zan yi miki alkawarin zai karɓa da daɗi ba. Zai iya fushi. Zai iya shiga ɗaki ya daina yi miki magana, ya ce malaman yanzu ne ragwaye. Ki tanadi wadda za ta riƙe miki yarinyar da rana na ɗan lokaci, ko da maƙwabciya ce, don kada fushinsa ya kama ki ba shiri. In ya ƙi zuwa, ki je ke kaɗai ki faɗi gaskiya cikin ladabi, ki ambaci alherinsa tare da kuskurensa. Kunyar da zai ji mai ciwo ce, ban raina ta ba. Amma babba ne, ya ga abin da ya fi wannan ya tashi.

Akwai abin da nake zato, ki karɓa ko ki bari. Yaron da ya yini a aji yana da warinsa: alli, zufa, ƙurar fili. Tsohon hedimasta ya san shi ko idonsa a rufe. Jikarsa kuwa tana zuwa masa kullum da ƙamshin sabulun asibiti, littafinta ba sabon rubutu, tana ba shi amsar da shi ya sa mata a baki. Ina jin tsohon nan ya daɗe da sanin akwai matsala, yana gyaɗa kai ne domin bai san ta inda zai fara ba, kuma yana jin nauyinki yadda kike jin nasa. Shi girma ya ɗaure masa baki, ita kuma ba ta da kalmomin. A gidan nan ke kaɗai kika rage da za ki iya fara magana, saboda haka ki fara.

Allah ya tsare miki Tsuntsuwa, ya sanyaya zuciyar Baba, ya ba ki ƙarfin wannan safiyar.

Goggonku